Harbi Daga Gida Yake Farawa: Zaɓen Harsashi a Wurin Wani Maharbin Rigachikun

Gabatarwa

Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Karin magana ne da ake ƙarfafa wa mutum gwiwa da shi, a nuna masa cewa ɗan abin da ya samu ya fi babu. To, amma akwai wani dattijo a Rigachikun, maharbi ɗan maharbi, wanda ya shafe shekaru fiye da 50 yana shiga daji da bindiga, da ba ya bari a faɗi wannan magana a gabansa bai yi gyara ba. A ganinsa, wanda ya fara faɗinta bai taɓa bin sawun jinin gada tun daga hantsi har faɗuwar rana ba, sa'an nan ya komo gida hannu rabbana, ya kwana da sanin cewa ya bar dabba tana ruɓewa da ranta a cikin sarƙaƙiya. Wanda ya kuskure, in ji shi, albarushi kaɗai ya yi hasara; wanda ya yi harbi a wutsiya kuwa ya yi hasarar nama, ya kuma ɗauki alhaki.

Wannan maƙala za ta dubi abu guda ne daga cikin sana'ar wannan dattijo, watau yadda yake zaɓen harsashin da zai ɗura wa bindigarsa. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan ƙaramin al'amari ne, amma a nan ne ake yanke ko dabba za ta mutu nan take ko za ta wahala, ko namanta zai ciwu, ko kuma maharbin zai komo gida da yatsunsa cif.

Garin da bindigar

Rigachikun tana kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, gaba kaɗan da Kawo, a cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. A nan ne hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, da kuma filin baje kolin kasuwar duniya na Kaduna. A lokacin ƙuruciyar dattijon, bayan gari daji ne, mutum kan fita da asuba da ƙafa ya komo da zabi kafin azahar. A yau gidaje sun cinye gonaki, gonaki sun cinye daji, sai an hau babur an yi tafiya mai nisa kafin a ji kukan fakara.

Bindigar da yake riƙewa ita ce wadda ake ɗura wa ta baki, wadda wasu ke kira adaka, wasu bindigar toka, masu zolaya kuwa su ce harba-ka-ruga. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Danmak, saboda 'yan kasuwar wannan ƙasa na daga cikin masu kawo ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga su riƙa tsaron lafiyarsa. Daga baya, a yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels ta ƙasar Baljiyam a 1890, suka hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, suka bar mata tsofaffin masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa irin wannan bindiga ta zauna daram a hannun maharba, har maƙeran gida suka ƙware wajen ƙera ta.

Ɗalibin harshe zai so ya lura da sunayen kayan nan. Bindiga daga Larabci ta zo, daga bunduƙiyya, ita kuwa daga bunduƙ, wani ɗan itace mai kama da gujiya wanda aka ari sunansa aka ba 'yan ƙwallayen yumɓu da ake harbin tsuntsu da su. Harsashi daga arrasas yake, ma'anarsa dalma. Albarushi kuma daga albarud. Ashe ke nan ita kanta bindigar sunan abin da take jefawa ta ci, shi kuma harsashi sunan ma'adinin da aka zuba shi da shi. Harshe ya riga ya nuna inda nauyin al'amarin yake.

Abin da ya bambanta adaka da bindigar soja shi ne ɗuri ɗaya gare ta. Wanda ya harba, sai ya tsaya ya sake ɗuri daga farko, kafin nan kuwa duk abin da ke da ƙafa ko fiffike ya yi nisa. Saboda haka maharbi ba ya da damar gyara a daji. Tilas ya san abin da zai nema tun yana gida, ya ɗura abin da ya dace da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maharbi da maƙerinsa

Dattijon ba ya zuba harsashi da kansa. Yana da abokinsa maƙeri, tsaransa, wanda suka yi makarantar allo tare. Duk shekara idan an gama girbi, ciyawa ta fara bushewa, sai ya je ya zauna a bakin maƙera, ɗan zuga na zuga, suna taɗi. Dalma ba ta da wuyar narkewa, don a zafin digiri 327 take zama ruwa, alhali ƙarfe sai ya haura 1,500. Wuyar aikin tana wajen zubi ne. Maƙerin kan zuba a mazubi, idan ta huce ya kankare bakin zubin, sa'an nan ya miƙa wa maharbin. Shi kuwa sai ya ɗora ƙwayoyin a kan tire ya karkata shi. Wadda ta gangara sumul ya ajiye ta gefe, wadda ta yi ɗingishi ko ta kauce ya mayar.

"Maƙeri, wannan gurguwa ce. Wadda ta kasa bin tire za ta bi iska?"

"Kai dai, na daji, tsufa ya sa ka zargi. Hannunka ke rawa, kake ɗora wa zubina."

Duk da haka sai ya karɓa ya mayar cikin kasko, domin shi ma ya san gaskiya ce. Ƙwayar da ke da rami a ciki, ko wadda gefe ɗaya ya fi nauyi, ba ta zuwa inda aka saita ta. Wannan matsala ta dami Turawa ma, har wani mutumin Biristol a Ingila, mai suna William Watts, ya sami hanyar warware ta a 1782: ya riƙa ɗigo da narkakkiyar dalma daga saman hasumiya, ta dunƙule a iska, ta faɗa cikin ruwa. Maƙerin Rigachikun ba ya da hasumiya, idon abokinsa da tire su ne ma'auninsa.

Ire-iren harsashi

Dattijon ya kasa harsashin dalma gida uku, kowanne da jakarsa.

Na farko shi ne ƙwaya ɗaya, dunƙulalliya, wadda ta kusa cika bakin bindiga. Ita ce ta manyan namu, irin su mazo, da gwanki a zamanin da ake samunsa, da mugun dawa idan ya addabi gonar rogo. Nauyinta ke sa ta ratsa fata da ƙashi ta isa inda rai yake. Amma tana da sharuɗɗa biyu. Ɗaya, ba ta yafe kuskuren saiti, tun da ita kaɗai ce. Biyu, tana tafiya nesa bayan ta wuce abin da aka nufa, don haka dole maharbi ya san abin da ke bayan dabbar, ko tudu ne, ko rugar Fulani, ko hanyar masu itace.

Na biyu su ne matsakaita, kamar girman wake ko gujiya, ana zuba kaɗan. Su ne na gada da makamantanta, kuma sai an matso kusa. Na uku su ne ƙanana, kamar ƙwayar dawa, na zabo da fakara da hasbiya da zomo. Waɗannan kan watsu su rufe wuri, amma ƙarfinsu kan mutu da wuri. Wanda ya harbi fakara da ƙwaya ɗaya, in ma ya same ta, gashi zai tsinta. Wanda ya harbi gada da na tsuntsu kuwa ya cika mata fata da dalma, ta gudu ta je ta mutu inda ba mai amfana da ita sai kura da ungulu.

A nan ne horon sana'ar yake. Sau da yawa dattijon kan fita da ɗurin tsuntsu, sai ga gada ta ɓullo gabansa, tazarar da yaro ma zai iya jifa. Ya kan sauke bindiga ya bar ta ta wuce. Matasan da ke bin sa kan ciji yatsa, su ce, "Baba, ai rabo ne Allah ya kawo." Amsarsa kullum ita ce, rabon da ya fito nema yana cikin bindigarsa, wannan kuwa rabon wata rana ne. Magabata ma haka suka yi: maharban giwa na da ba su dogara da dalma ba, sango suke ɗurawa, watau ɗan mashi mai dafi da ake harbawa daga bakin bindiga, saboda sun san ƙwayar adaka ba ta isa giwa.

Akwai kuma kashi na huɗu, wanda dattijon ba ya kiransa harsashi sam. Shi ne yankakken ƙarfe: guntayen ƙusa, da gutsattsarin rodi, da 'ya'yan boris na keke ko babur. Yana da araha, ko'ina ana tsintarsa, amma araha ba ta ado. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don idan aka auna girma ɗaya, na dalma ya fi na ƙarfe da kusan rabi. Ga shi da tauri: dalma kan lotsa ta bi cikin bututun bindiga, shi kuwa ƙarfe kankarar bututun yake yi, guntu mai kusurwa ma kan iya gicciyewa ya toshe hanya. Bututun bindigar gida kuwa ba a gwada ƙarfinsa a masana'anta ba. Dattijon kan lissafa mutanen da ya sani masu guntayen yatsu, ya ce kusan dukkansu ko dai sun cika albarushi ne, ko sun ɗura abin da ba a ɗurawa. Tarihi ma ya ba da shaida a kan raunin irin wannan ɗuri. A yaƙin Amowaful na 1874, Asante sun yi wa sojojin Ingila ruwan wuta daga kusa da guntayen dalma da ƙarfe marasa siffa. Sun raunata kusan mutum 200, amma waɗanda suka mutu a fagen ba su kai 10 ba.

Harsashi da halaccin nama

Dalili mafi girma da ya sa dattijon ke tsanantawa shi ne abin da ya koya a zaure. A shari'a, dabbar daji da ba a iya kamawa takan halatta idan an ambaci sunan Allah an harbe ta da abin da ya huda ta ya zubar da jini. Wadda aka kashe da nauyin duka kawai kuwa mushe ce, kamar yadda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta lissafa. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da makami ya kashe da tsininsa da wanda ya kashe da faɗinsa. Saboda haka ne malaman farko suka hana cin abin da ƙwallon yumɓu ya kashe. Da bindiga ta bayyana sai malaman Malikiyya na baya suka yi saɓani: wasu suka kwatanta ta da ƙwallon yumɓu suka hana, wasu kuma, musamman malaman Fas irin su Ibn Gazi da Abdulƙadir Alfasi, suka halatta, domin dalma na hudawa, tana zubar da jini, tana kuma gaggauta mutuwa. Dasuƙi ya kawo wannan saɓani a hashiyarsa.

Dattijon bai karanta hashiya ba, amma ya riƙe ma'anar. Tun da an halatta bindiga ne saboda tana hudawa tana gaggautawa, to harsashin da ba zai huda ba, ko wanda zai bar dabba ta kwana tana jan jiki, ya fita daga dalilin da aka halatta shi a kai. Shi ya sa wuƙarsa ba ta rabuwa da ƙugunsa, don ya yanka abin da ya tarar da sauran rai.

Yadda abin yake a wata nahiya

Wannan tunani na daidaita harsashi da bindiga da abin harbi yana nan a wajen wasu al'ummu. A Amurka har yau akwai masu zuba harsashinsu da hannu, su ɗura a kwanso. Da yawansu na amfani da irin bindigar da kamfanin Winchester ya fitar a 1873, mai mariƙi a ƙarƙashi da ake saukewa a ɗaga don sabon ɗuri, wadda kuma ke cin harsashi iri ɗaya da na libarba. A wannan bindiga harsasai kan jeru ne a cikin bututu, kan na baya yana dafe da gindin na gaba, daidai inda maɓallin wuta yake. Don haka suke guje wa mai tsini, su zaɓi mai shafaffen kai, kada girgizar harbi ta sa wani ya tayar da ɗan'uwansa a cikin bututu. Sun kuma lura cewa shafaffen kai ya fi yin rauni mai faɗi a jikin dabba. Bambancinsu da maharbin Rigachikun shi ne su suna da sikeli da littattafai da mazubai na masana'anta. Shi kuwa iliminsa duk a ka yake, kuma daga baki ya karɓe shi.

Abubuwa biyu da suka dagula lissafi

Na farko shi ne rashin tsaro. A ranar 11 ga Maris 2021 aka sace ɗalibai 39 a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ɗin nan. A ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. A irin wannan hali unguwanni suka kafa 'yan sintiri, bindigar da aka sani da farauta ta koma ta gadi, ta kuma faɗa hannun matasan da ba su taɓa ɗaukar wa wani maharbi jaka ba. Dokar makamai ta 1959 ta ware bindigar ɗuri ta baki a aji na daban, ta sa al'amarin lasisinta a hannun 'yan sanda, amma lasisi ba ya koya wa mutum ɗuri. Martabar sana'ar ma ta taɓu: a ƙarshen Maris 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne masu komawa Kano yin salla, bayan an ga bindigoginsu na gida an zarge su da satar mutane.

Jikan dattijon na cikin 'yan sintirin unguwarsu. Wata rana kakan ya ɗaga bindigar yaron ya ji tana ƙara, ya zazzage ta, sai ga 'ya'yan boris.

"Abokina, wa ka nufa da waɗannan?"

"Kaka, duk wanda ya zo."

"To, ka san idan suka bugi bangon siminti dawowa suke yi? Ka san wa ke kwance bayan zanan da za ka harba?"

Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kaka, masu zuwan nan ba gada ba ne. Abin da ke hannunsu yana tashi sau 30 kafin in sake ɗuri ɗaya. Dalma kuma kuɗi ce. Me kake so mu yi?"

Dattijon bai da cikakkiyar amsa, bai kuwa yi kamar yana da ita ba. Abin da ya iya ba shi shi ne ƙa'idar da aka ba shi yana yaro: maharbi ba ya harbin motsi, sai abin da idonsa ya gani ya tantance. Ya dai karɓe boris ɗin ya zuba a aljihu.

Na biyu ya fi na farko ciwo, domin ya taɓa ita kanta dalmar da ya amince da ita. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a 2015 kuma ta kashe wasu a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Can daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta fito, amma dalma dai dalma ce. Likitoci sun tabbatar cewa ba ta da wani ma'auni da za a ce ba ya cutar da yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnarta ba ta gyaruwa. Dalmar da ke isa maƙera a yau kuwa wani lokaci daga tsohon batirin mota take, gauraye da wasu ma'adinai, ga ƙura ga hayaƙi. Ƙwayar da ta shiga jikin zabo ma takan bar ɓurɓushi a nama. Saboda irin wannan ne Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Jihar Kalifoniya kuma ta hana ta a kowace irin farauta daga 2019. Su sun koma ga ƙarfe da jan ƙarfe, amma bindigoginsu an ƙera su ne su jure haka.

Ga maharbin adaka ke nan a tsaka mai wuya. Dalma ta fi tausaya wa dabba da bindiga, amma tana cutar da mai ci da mai zubi. Ƙarfe ba ya sa wa miya guba, amma yana iya fasa bututu a hannun mai shi. Da labarin Zamfara ya iso, abin da tsofaffin biyu suka iya yi shi ne suka janye ƙaramin yaron da ke zuga daga aikin ranar zubi, suka ware kasko na musamman da ba ya shiga cikin gida, shi kuma dattijon ya shiga yanke naman da ke kewaye da raunin yana binnewa, ya hana a ba mai ciki da ƙananan yara naman da aka harba da ƙananan ƙwayoyi. Rigakafi ne na talaka, bai kawar da matsalar ba, ya dai rage ta.

Kammalawa

An yi nazari mai yawa a sassan Hausa a kan kirarin maharba da tsafe-tsafensu da waƙoƙinsu, amma ɓangaren sana'ar da ya shafi hannu da ido, watau sunayen kayan ɗuri, da yadda ake gwada ƙwaya, da dalilin da ke sa a bar dabba ta wuce, bai sami irin wannan kulawa ba. Masu wannan sani tsofaffi ne, daji na ƙarewa, bindigogi kuwa na ƙaruwa a hannun waɗanda ba su gaje su ba. Ya kamata ɗaliban da ke neman batun kundin digiri su je bakin maƙera a Rigachikun da Turunku da Birnin Yero da rikoda, su ɗauko kalmomin daga bakin masu su. Haka kuma ma'aikatan lafiya da ke faɗakarwa a kan gubar dalma su sa maƙera da maharba cikin waɗanda za su zauna da su, kada su tsaya ga masu haƙar zinariya kaɗai. Mutanen da suka iya mayar da ƙwaya kasko don ta yi ɗingishi a kan tire, ba za su ƙi jin bayani ba idan an zo musu da hujja.